Zaɓen Ƙaramar Bindiga Mai Aminci da Sauƙin Kuɗi Don Kare Kai a Amurka

Wannan jagora ta mazauna Amurka ce, inda doka ta ba farar hula damar mallakar ƙaramar bindiga da ɗaukarta a ɓoye bisa sharuɗɗa. A Najeriya ba haka abin yake ba: dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa ake riƙewa. Saboda haka duk abin da ke ƙasa na ɗan uwan da ke Houston ne, ko Bronx, ko Greensboro, wanda ke tuƙin mota da dare ko rufe shago shi kaɗai, har ya fara tunanin mallakar makami.

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne ɗaukar farashin da ke manne a jikin bindiga a matsayin kuɗin da za su kashe. Bindigar ma ba ta kai rabin lissafi ba. Aminci kuwa ba a rubuce yake a jikin kwali ba, sai ka gwada ta da hannunka, da irin harsashin da za ka riƙa ɗauka, kafin ka ce ka sami wadda za ka dogara da ita.

Mataki na farko: ka tabbatar doka ta yarda da kai

Kafin ka taka shagon makamai, duba takardun zamanka. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin, wato girin kad, suna iya saye. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga da harsashi, in ban da wasu ƴan togaciya, kamar mai ingantaccen lasisin farauta. Wanda ba shi da takardun zama kuwa, ko riƙewa bai kamata ya yi ba. Haka wanda aka taɓa samu da babban laifi, da wanda aka samu da laifin dukan iyali, da wanda kotu ta yi wa iyaka da matarsa ko ƴaƴansa.

Akwai abin da ya shafi baƙo fiye da haifaffen ƙasa. Idan kotu ta same ka da laifin da ya shafi bindiga, ko da kana da girin kad, wannan kaɗai ya isa dalilin mayar da kai gida. Abin da zai jawo wa Ba'amurke tara, kai zai iya jawo maka rabuwa da iyalinka. Idan akwai ko ɗan kokwanto a kan matsayinka, kuɗin ganin lauyan shige da fice na awa ɗaya ya fi komai arha a wannan sha'ani.

Sayen kansa haka yake tafiya. Sai ka cika shekara 21 kafin dillali mai lasisin tarayya ya sayar maka da ƙaramar bindiga, kuma a jihar da kake zaune za ka karɓe ta. Za ka cike fom mai lamba 4473, dillalin ya sa a bincika tarihinka, galibi ta rumbun bayanan hukumar FBI. Ƙarya a wannan fom babban laifi ne. Kada kuma ka yarda ka saya wa wani da sunanka, ko ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya ya roƙe ka. Tun dokar 2022 hukuncin saya wa wanda doka ta hana yana iya kaiwa ɗaurin shekara 15.

Mallaka daban, ɗauka a jiki daban. A watan Yuni na 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta soke sharaɗin jihar New York na cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi lasisin ɗauka, amma ba ta soke lasisin kansa ba. A New York sai ka yi horon awa 16 a aji da awa 2 na harbi. Illinois ma awa 16 ne. Teksas kuwa tun 1 ga Satumba 2021 ta bar mutane su ɗauka ba lasisi, kuma fiye da rabin jihohin ƙasar sun bi wannan hanya. Duk da haka shawararmu ita ce ka nemi lasisin ko jiharka ba ta tilasta ba. Ajin zai koya maka wuraren da aka hana shiga da makami, wasu jihohin za su amince da lasisinka idan ka yi tafiya, sannan dokar tarayya ta hana ɗaukar bindiga cikin ƙafa 1,000 daga makaranta sai ga mai lasisin wannan jihar. A cikin gari da wuya ka yi tuƙin minti goma ba ka gifta irin wannan wuri ba.

Mataki na biyu: raba kuɗinka tun kafin ka ga bindiga

A ce kana da dala 900. Kada bindigar ta ci fiye da 450. Ragowar sai ka kasa: kube mai kyau dala 60 zuwa 100, bel mai tauri kusan 50, akwatin ƙarfe mai makulli 100 zuwa 150, harsasan gwaji guda 300 zuwa 500, kwali biyu ko uku na harsashin kare kai, sai kuɗin aji da na lasisi, wanda ya bambanta sosai daga jiha zuwa jiha. Farashi na hawa da sauka, amma tsarin rabon ba ya canzawa. Mai bindigar dala 300 da ya harba ta sau 500 gaban malami ya fi mai ta dala 900 da ba ta taɓa fita daga kwalinta ba.

Mataki na uku: girman harsashi

Ga mafi yawan mutane amsar ita ce mili 9, wato harsashi mai kaurin milimita 9. Shi ne mafi arha cikin harsasan da suka isa kare kai, ana samunsa a kowane shago, shurinsa kuma bai fi ƙarfin mai koyo ba. Hukumar FBI da kanta ta koma masa daga harsashin .40 bayan gwaje-gwajenta sun nuna cewa sababbin harsasan mili 9 suna shiga zurfin inci 12 zuwa 18 da take buƙata, ma'aikatanta kuma sun fi dacewa da saiti idan suna harba shi.

Harsashin .380 na mai raunin hannu ne ko wanda dole sai a aljihu zai ɗauka, amma ya fi mili 9 tsada. Mai son libarba sai ya ɗauki .38 Special. Ka bar .40 da .45 tukuna: a ƙaramar bindiga shurinsu yakan koya wa sabon maharbi runtse ido da fizgar kunama, ɗabi'ar da ke da wuyar kankarewa.

Mataki na huɗu: girman bindigar, inda aka fi yin kuskure

Ƙaramar bindiga tana da daɗin ɗauka, amma wahalar harbawa gare ta. Dalili a fili yake: ƙarfin harsashi ɗaya ne, nauyin da zai shanye shurin ne ya ragu, mariƙin ya gajarce har ƙaramin yatsa ya rasa wurin zama, tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ma ta ragu, don haka ƙaramin karkace a hannu sai ya zama babban kuskure a jikin allo. Babba kuwa tana da daɗin harbi, amma idan ta dame ka a ƙugu, bayan mako biyu za ka fara barinta a gida ko a mota. Tsakanin waɗannan biyun za ka nemi taka.

Glock 19, ƙirar ƙasar Ostiriya, ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da ita. Tana cin harsashi 15, bututunta inci 4, nauyinta da harsashi ya haura giram 800. Kowane shago yana da kubenta da kayan gyaranta, wannan kuma yana rage kashe kuɗi daga baya. Mai ƙaramin jiki zai iya ganin ta yi masa kauri. Sai ya duba Glock 43X mai cin 10, siririya mai cikakken mariƙi.

SIG P365 da ta fito a 2018 ta sauya kasuwa, domin ta zuba harsashi 10 a jikin da faɗinsa bai wuce inci ɗaya ba, nauyinta kuma kusan rabin kilo. Smith & Wesson Shield Plus tana zuwa da gidan harsashi na 10 da na 13, kuma sau da yawa ta fi su sauƙin kuɗi; a ganinmu ita ce ta fi haɗa aminci da araha ga mai farawa. Springfield Hellcat tana cin 11 da 13, amma shurinta ya ɗan fi kaifi.

Idan aljihu bai kai nan ba, akwai Taurus G3C mai cin 12 da ake samu ƙasa da dala 300, da Ruger MAX-9, da ƙirar Canik ta Turkiyya. Suna aiki, amma a wannan farashi kamfani ba ya tsananta binciken kowace guda kamar yadda ake yi wa masu tsada, saboda haka gwajin da za mu bayyana a mataki na shida wajibi ne a kansu, ba zaɓi ba. Ƙasa da wannan farashi kada ka sauka. Araha ba ta ado, a nan kuma abin da za ta iya ci rai ne.

Dattijo ko mace mai ciwon gaɓoɓin hannu da ba za ta iya jan silaid ba, wato murfin sama da ake ja baya don ɗana harsashi, ta gwada Shield EZ, wadda aka ƙera da sifirin mai laushi. Ana yawan miƙa wa mata ƙaramar libarba kamar Smith & Wesson 642 ko Ruger LCR da sunan sauƙi. Gaskiya ne ba ta cika sarƙewa ba, amma harsashi 5 kawai take ci, kunamarta tana buƙatar jan kusan kilo 5, ninki biyu na Glock ke nan, kuma rashin nauyinta yana sa tafin hannu raɗaɗi. Makamin gwani ce, ba ta mai koyo ba.

Duba dokar jiharka kafin ka ƙwallafa rai a kan wata. Kalifoniya, New York da New Jersey sun taƙaita gidan harsashi zuwa guda 10, Kalifoniya kuma tana da jerin ƙananan bindigogin da aka yarda dillalai su sayar, ga jiran kwana 10 kafin a miƙa maka.

Ta hannu ma hanya ce mai kyau, musamman waɗanda rundunonin ƴan sanda suka mayar wa dillalai: jikinsu ya goge da kube amma cikinsu bai sha harbi sosai ba. Ka saya ta hannun dillali mai lasisi, ka leƙa cikin bututu ko akwai kumburi ko tsatsa, ka shigar da lambar bindigar a shafin kamfanin don ganin ko an taɓa kiran irinta a gyara. Wadda aka sauya mata kunama a gida, ka bar ta inda ka gan ta.

Mataki na biyar: ka harba kafin ka biya

Yawancin filayen koyon harbi suna ba da hayar bindiga. Zaɓi uku, ka harba kowace aƙalla sau 30 a rana ɗaya, da malami a gefenka idan ba ka taɓa yi ba. Abubuwan da za ka lura da su:

Gaɓar farko ta yatsanka manuni ta zauna kan kunama ba tare da ka murɗa hannu ba. Idan sai ka juya mariƙin kafin yatsan ya kai, ta yi maka girma. Ka iya danna maɓallin sakin gidan harsashi, ka ja silaid har ƙarshe, ka kulle shi a buɗe ba da kokawa ba. Idan ka danna kunama a hankali, saitin gaba kada ya girgiza. Sannan ka yi wannan gwaji: harbi biyar, daga yadi biyar, cikin da'ira mai faɗin inci biyar. Wadda ta fi tara maka harsasai wuri ɗaya ita ce taka, ko da wata ce ta fi burge ka a ido.

Batun sefti na babban yatsa, wato ɗan maɓallin da ke hana bindiga tashi sai an sauke shi, ya danganta da kai. Idan ka zaɓi mai shi, dole ka saba da sauke shi a kowane zarowa har ya zama jiki, domin a lokacin firgici abin da hannu ya saba kawai yake yi.

Mataki na shida: gwajin aminci bayan ka saya

Ka wanke man ajiya da ta zo da shi, ka ɗiga sabon mai kaɗan a wuraren da littafinta ya nuna. Sai ka harba harsashin gwaji 200 zuwa 300, kana amfani da duk gidajen harsashin da kake da su. Rubuta lamba a ƙasan kowanne da alƙalamin fenti, domin idan matsala ta taso ka san wanne ne. Mafi yawan sarƙewar fistol daga gidan harsashi take fitowa. Bayan haka ka harba aƙalla 50 na harsashin kare kai, mai ramin baki, irin su Federal HST ko Speer Gold Dot ko Hornady. Ramin bakin yana sa ya buɗe ya tsaya maimakon ya ratsa ya sami wani a baya, amma siffarsa ta bambanta da na gwaji, kuma akwai bindigar da ke haɗiye wancan lafiya ta shaƙe da wannan. New Jersey tana da tsauraran ƙa'idoji a kan irin wannan harsashi.

Ga abin da yakan faru da dalilinsa. Idan kwanso ya maƙale a tsaye a bakin mafita, sau da yawa riƙon ne ya yi sanyi, wuyan hannu ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin da silaid ke buƙata. Ƙara matse riƙo. Idan silaid bai kulle a buɗe ba bayan harsashin ƙarshe, duba babban yatsanka, yana iya danne ƙarfen da ke riƙe shi. Idan ka danna ka ji "ƙas" babu harbi, a filin koyo ka bar bakinta yana kallon allo na daƙiƙa 30 kafin ka buɗe, ko da harsashin mai jinkirin tashi ne. Mafi haɗari shi ne ka ji ƙara mai rauni da shuri kaɗan: tsaya nan take, domin dalmar na iya maƙalewa cikin bututu, harbi na gaba kuma zai fasa shi a hannunka. Idan matsala ta ci gaba bayan ka sauya gidan harsashi da irin harsashi, kuma wani gwani ya harba ta ya ga haka, mayar da ita kamfani. Kada ka ɗauki wadda ba ta ci wannan jarrabawa ba.

Mataki na bakwai: kube da sutura

Kube nagari yana da sharaɗi uku: an ƙera shi don wannan bindigar takamaimai, ya rufe kunama ruf da abu mai tauri, kuma bakinsa yana nan a buɗe bayan an zare ta. Na roba mai tauri da ake kira Kydex ya cika su. Na yadi mai laushi da ake cewa yana shiga kowace bindiga, kada ka saya. Gwada shi da bindigar da ka tabbatar babu komai a ciki: ka kifa shi a kan katifa ka ɗan girgiza, kada ta faɗo.

Mayar da bindiga kube shi ne lokacin da aka fi harbin kai a cinya. Gefen riga ko igiyar jaket ta shiga gaban kunama, mutum ya tura da ƙarfi, shi ke nan. Babu gaggawa a mayarwa. Ɗage rigar da ɗaya hannun, kalli bakin kuben da idonka, yatsa a miƙe a gefen bindiga, ka zura a hankali.

Kayanmu na gida suna buƙatar tunani na musamman. Kaftani yana rufe makami da kyau, amma wando mai zariya ba zai ɗauki nauyin rabin kilo ba: zai saɓule, kuma idan ka zo zarowa kuben zai biyo bindigar. Ko dai tela ya yi wa wandon maɗaukan bel, ko ka sayi ɗamarar da ake ɗaurawa a jiki ƙarƙashin tufa mai ɗauke da kube mai tauri. Doguwar riga kuma tattare ta yana cin lokaci, sai ka yi ta gwadawa a gida da bindiga marar harsashi. Ka gwada zama a mota, da tsugunno, da ruku'u da sujada. Game da masallaci, wasu jihohi suna da doka kan wuraren ibada, kuma kwamitin masallaci yana da ikon hanawa. Ka tambaya kafin ka shiga da ita. A banɗaki ko wurin alwala kada ka taɓa cire ta ka ajiye a gefe.

Jakar hannu ga mata ita ce zaɓi na ƙarshe, domin ita ɓarawo ke fara fizgewa, ita kuma yaro ke fara buɗewa.

Mataki na takwas: ajiya da kulawa

Duk lokacin da ba ta jikinka, tana cikin akwati a kulle. Saman kabad da ƙarƙashin filo ba maɓoya ba ne. Yaro ɗan shekara uku yana iya danna kunama da manyan yatsunsa biyu. Fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara kansu suka kashe. Idan kai ko wani a gidan ya shiga ƙunci mai tsanani, ka fitar da ita daga gidan ta hanyar da doka ta yarda, ka kira 988, lambar wayar taimakon masu tunanin kashe kansu.

Wajen cire harsashi, jerin aikin ba ya canzawa: fara zare gidan harsashi, sannan ka ja silaid, ka kulle shi, ka leƙa ciki, ka taɓa da yatsa. Wanda ya juya wannan jeri ya ɗana sabon harsashi bai sani ba. Glock da ire-irenta sai an danna kunama kafin a kwance su, saboda haka harsasai su kasance a wani ɗaki dabam lokacin wanki. Kada mai ya shiga ramin allurar da ke bugun harsashi, yana tara datti ya raunana bugun. Kada kuma ka riƙa ɗana harsashi guda kana cirewa kullum, dalmar takan nutse cikin kwanso ta ƙara matsin wuta. Ka ware shi ka harbe a fili. Harsasan da kake ɗauka ka sabunta su sau ɗaya a shekara, kuma ka je filin harbi aƙalla sau ɗaya a wata.

Abin da doka ke jira daga gare ka a waje

Ba a zaro bindiga don tsoratarwa, ko don gardamar wurin ajiye mota, ko don bin wanda ya gudu da waya. Doka tana karɓar uzurinka ne idan akwai barazanar kisa ko mummunan rauni da ke shirin aukuwa a wannan lokacin. A New York wajibi ne ka kauce idan za ka iya yin haka lafiya. Filorida ta cire wannan sharaɗi tun 2005. Gidan waya, gine-ginen gwamnatin tarayya da bayan shingen bincike na filin jirgi duk haramtattu ne. New York ba ta amincewa da lasisin kowace jiha, kuma riƙe bindiga mai harsashi a can ba lasisinta yana da mafi ƙarancin ɗaurin shekara uku da rabi. Kafin tafiya gida Najeriya ko Nijar, ka zazzage jakunkunanka, kada ko harsashi ɗaya ya bi ka.

Idan ɗan sanda ya tsayar da kai a mota, ka kashe inji, ka kunna fitilar ciki, ka ɗora hannuwa biyu kan sitiyari. Wasu jihohi, kamar Michigan da North Carolina, sun wajabta ka sanar da shi kana ɗauke da makami. A watan Yuli na 2016 wani ɗan sanda a Minnesota ya harbe Philando Castile, baƙar fata mai lasisi, daƙiƙu kaɗan bayan ya sanar cewa yana da bindiga. Saboda haka ka ajiye lasisin tuƙi da takardar inshora a inda za ka ɗauko ba tare da hannunka ya nufi ƙugu ba. Ka ce masa cikin natsuwa kana da lasisin ɗaukar makami kuma yana jikinka, ka faɗi inda yake, ka tambaye shi yadda yake so ka yi, kada hannunka ya bar sitiyari sai ya ba ka umarni.